Farar riga ba albashi: masu jinya da kuɗin lafiya a ƙasar Kurni

Idan damina ta yi tsakiya a ƙasar Kance, gero ya fara fid da kai, baƙo ba ya bukatar mai nuna masa hanyar gidan likita. Ya bi matan da suka fito da goyo tun da sanyin safiya, wasu a ƙasa, wasu a kan amalanke, wasu a bayan kabu-kabu, za su kai shi har ƙofa. Watannin Agusta da Satumba ke nan, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, masassara da tamowa suka haɗu a jikin yaro ɗaya. Kafin hantsi inuwar rumfa ta cika, masu zuwa daga baya sai gindin bedi.

Ga uwar da ke riƙe da yaro mai zafin jiki, duk wanda ya sa farar riga likita ne, kuma haka za ta kira shi. Ba ta san cewa a cikin mutum huɗun da ke kai da kawowa a gabanta, sau da yawa guda ne kawai gwamnati ta san da zamansa a takardar albashi ba. Shi ne majo, shugaban asibitin, mai lambar aiki, wanda idan wata ya mutu zai ga abinsa. Na biyu ɗan kwantiragi ne, abin da ake ba shi bai kai albashi ba, kuma ya kan yi jinkiri. Ta uku tana bautar ƙasa ta shekara 2, in ta gama sai abin da Allah ya yi. Na huɗu kuwa shi ne wanda ake kira benebol: ya gama makarantar koyon jinya, ya ci jarrabawa, takardarsa na cikin akwati, ya zo yana aiki ba ko dala, yana jiran ranar da za a ɗauki ma'aikata a tuna da shi. Allura ɗaya suke yi, kwanan gadi ɗaya suke yi.

Kurni ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Kance, jihar Damagaram, kudu da Matamaye, kusa da iyakar Najeriya. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 9 na gundumar, tare da Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Tsauni, Yawuri, Dungu, Daushe da Ishirnawa. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar sun kusa dubu 400, a ƙasar da ba ta da faɗi, shi ya sa tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a duk Nijar. Gona ta tsuke, baki ya yi yawa. Binciken lafiya na ƙasa na wannan shekara ya nuna cewa macen jihar Damagaram kan haifi 'ya'ya 8.5 a matsakaicin lissafi, sama da na ƙasa baki ɗaya da yake 7.6. Wanda bai manta da watan Oktoban 2013 ba ya san abin da matsi ke sa mutanen wannan yanki yi: mutum 92 ne ƙishirwa ta kashe a hamada dab da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata, kuma akasarinsu daga ƙasar Kance suka tashi. A irin wannan wuri, mai jinya ɗaya da ya ragu ko ya ƙaru ba lissafin ofis ba ne kawai.

Yadda aka gina rumfar

Tsarin lafiya a Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakin shan magani na ƙauye, wanda ake kira kaz. Sama da shi akwai CSI, asibitin da mai jinya ke shugabanta, irin wanda ake samu a manyan garuruwan ƙananan hukumomi. Sama kuma sai asibitin gunduma da ke Matamaye, inda babban likitan gunduma yake da 'yan tawagarsa. Abin da ya gagare su sai a ɗauki hanyar Damagaram, ko dai babban asibitin ƙasa, ko cibiyar kula da uwa da ɗa. Duk wannan gini a kan wuyan mai jinya yake tsaye, domin a CSI na karkara shi ne likita, shi ne mai duba masu juna biyu in babu ungozoma, shi ne mai rigakafi, shi ne mai cike rahoton wata, kuma shi ake tadawa ƙarfe biyun dare.

Ɗakunan kaz sun yawaita ne a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, wanda daga 2001 ya zuba kuɗin yafe bashi cikin shirinsa na musamman, aka gina su har sama da 2,000. Waɗanda aka sa a ciki ma'aikatan lafiya ne na al'umma da suka samu horo na 'yan watanni. An yi ta sukar shirin a lokacin, ana cewa gini ne ba kayan aiki, amma sakamako ya zo. Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Duniya ta yi ta yabo. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, mutanen da suka yi wannan aiki da hannunsu, da yawansu 'yan kwantiragi ne masu karɓar abin da bai taka kara ya karya ba.

Daga baya gwamnatoci suka shiga mayar da ɗakunan kaz su zama CSI. Abu ne mai kyau, kuma kowane gari na son a yi masa. Sai dai canza allo a bakin ƙofa ba shi ne ke kawo mai jinya da ungozoma ba. Har yanzu kimanin rabin mutanen ƙasar ne kawai ke zaune cikin tazarar kilomita 5 daga CSI.

Makarantu na yayewa, ƙofa a rufe

Wani zai ɗauka Nijar ba ta da masu jinya ne saboda ba ta horar da su. Da haka ne, da maganar ta zo da sauƙi. A cikin birnin Damagaram akwai makarantar gwamnati ta koyon aikin lafiya, ENSP, wadda ta daɗe tana yaye ɗalibai, kamar takwararta ta Yamai mai ɗauke da sunan Damouré Zika. Jami'ar André Salifou ma tana da tsangayar koyon aikin likita. Ban da waɗannan, makarantu masu zaman kansu sun tsiro kamar ciyawar damina a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa har da ƙananan garuruwa. Mai takardar BEPC ya shiga ya yi shekara 3 ya fito da takardar ƙaramin ma'aikacin lafiya, wato ASB. Mai bakaloriya ya yi shekara 3 ya fito da digirin farko na jinya ko na ungozoma. Uba ya sayar da sa, ko ya jinginar da gona, ko yaya da ke ci-rani a Libiya ko Legas ya riƙa aiko da kuɗin makaranta, da fatan gida ya samu ma'aikaci.

A nan gwamnati ta yi abin a yaba mata. Da ta ga makarantu sun yi yawa, kowa na ba da takarda yadda ya ga dama, sai ta kawo jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya, wadda ɗalibin gwamnati da na makarantar kuɗi duk sai sun zauna kafin a amince da su. Wato akwai ido a ƙofar fita daga makaranta. Inda idon ya ƙare ke nan. Wanda ya ci jarrabawa ya koma gida, babu wanda ke bin sawunsa: ya samu aiki, ya koma sayar da katin waya, an yi mata aure ta ajiye takardar, ko kuwa yana can wani ƙauye yana aikin sa-kai shekara ta biyar.

Tushen rufe ƙofar ya yi nisa. Tun shekarun 1980 da 1990, lokacin da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka ɗora wa ƙasashen Afirka tsarin tsuke bakin aljihu, aka daina ɗaukar kowane mai takarda aiki kai tsaye. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Daga baya ƙungiyar ƙasashen sefa ta UEMOA ta kafa ƙa'idar cewa albashin ma'aikata kada ya wuce kashi 35 cikin 100 na harajin da ƙasa ke tarawa. A ƙasar da harajinta kaɗan ne, jama'arta kuma na ninkawa cikin shekara ashirin da 'yan kai, wannan ƙa'ida na nufin makaranta da asibiti da bariki duk a faranti ɗaya za su ci. Daga nan aka haifi 'yan kwantiragi, a makarantu da asibitoci. Ɗaukar ma'aikata ta koma sai jifa-jifa. A farkon mulkin Mahamadou Issoufou an ɗauki ɗaruruwan likitoci a tashi ɗaya, har aka fara ganin likita a wasu CSI na karkara, amma irin wannan ba ta zama al'adar kowace shekara ba. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su SUSAS da SYMPHAMED sun sha tafiya yajin aiki, kuma maganar ɗaukar ma'aikata da biyan bashin 'yan kwantiragi ba ta cika fita daga jerin bukatunsu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na bukatar likita, mai jinya da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000 kafin a ce kowa na samun kulawa. Nijar ba ta kai ko rabin mutum ɗaya ba. Tana cikin ƙasashe 55 da hukumar ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi tsananta a cikinsu. Ga ƙasa mai ƙishirwar masu jinya, ga masu jinya zaune a gindin bishiya.

Ko waɗanda aka ɗauka ma, rabon ba daidai yake ba. Tsare-tsaren ma'aikatar lafiya da kanta, na 2011 zuwa 2015 da na 2017 zuwa 2021, sun amsa cewa ma'aikata sun taru a birane sun bar karkara. A tura mutum Kurni, kafin ya gama kwance jakarsa wani babba ya buga waya an mayar da shi Damagaram. A tura ungozoma, sai takardar bin miji ta biyo baya. Ni dai ba na saurin ganin laifin matar da ta ƙi zama inda babu gidan ma'aikata, babu wuta, babu makarantar da za ta sa 'ya'yanta. Amma abin da ke biyo baya shi ne, a ɗakin haihuwa na birni ungozomomi na rabon kwanaki saboda sun yi yawa, a ƙauye kuma benebol ne ke riƙe da asibiti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kyautar da ta zama bashi

To daga ina benebol yake ci? Amsar wannan tambaya ce ke haɗa maganar aiki da maganar kuɗi.

Bayan taron Bamako na 1987, Nijar ta yi dokar 1995 da ta ce maras lafiya ya riƙa biyan wani abu. Kuɗin na shiga asusun asibitin, kwamitin gari da ake kira COGES na sa ido, da su ake sake sayen magani, a biya mai karɓar kuɗi, mai gadi da mai shara, in an samu rara a ɗan jiƙa wa masu sa-kai maƙoshi. A gundumomi da dama an ƙara dala ashirin a kan kowace takarda don a tara kuɗin man motar ɗaukar maras lafiya. Tsari ne mai nauyi a kan talaka, ya hana mutane da yawa zuwa asibiti, amma kuɗin na juyawa a wurin.

A ƙarshen 2005 gwamnatin Tandja ta ce tiyatar haihuwa ta zama kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki, tsarin iyali da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mata suka yi tururuwa, kuma babu mai musun cewa rayuka sun tsira. Yarjejeniyar ita ce asibiti ya yi aiki, ya rubuta takardar bashi, takardar ta bi ta Matamaye, ta wuce Damagaram, ta isa Yamai mai nisan kusan kilomita 900, sannan baitulmali ya biya. Takardu sun tafi, kuɗi suka ƙi dawowa a kan lokaci. Jinkirin ya kai watanni, ya kai shekaru, bashin ya taru ya zama biliyoyin sefa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi wannan al'amari asibiti-asibiti, kuma Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde sun tattara sakamakon a wani littafi a 2014, wanda ya nuna yadda aka yanke shawarar daga sama ba tare da an tanadi kuɗinta ba.

A wuri irin Kurni, inda yara ƙanana da masu juna biyu su ne mafi yawan masu zuwa asibiti, ma'anar wannan a fili take. Mafi yawan aikin da ake yi na bashi ne. Kantar magani ta bushe, domin ONPPC, hukumar magunguna ta ƙasa, da sauran masu sayar da magani ba sa karɓar alkawari. Majo ya duba yaro kyauta, ya miƙa wa uwa takarda ta je ta saya. Ita kuma ta leƙa wajen mai tallan magani ranar kasuwa, ko a tsallaka iyaka a nemi kemis a ƙasar Daura. Asusun da ake ɗan tsakurowa a ba benebol kuɗin sabulu, shi ne ya ƙafe. Idan aka ji ana ƙorafin cewa wani ma'aikaci ya karɓi 'yan kuɗi a bayan fage, laifi ne, ba a wanke shi. Amma wanda ya sa mutum aikin dare da rana shekara uku bai biya shi ba, bai kamata ya yi mamaki ba.

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Nijar ba ta cika wannan alkawari ba, shekaru da dama ma rabinsa bai samu ba. Giɓin, abokan hulɗa ne ke cike shi. A 2006 aka kafa asusun haɗaka da wasu masu ba da tallafi suka riƙa zuba kuɗi a ciki. Tun yunwar 2005 ƙungiyar MSF take Magariya, inda a daminar 2018 ta sanar cewa yara 730 ne kwance a sashen yara, kuma kimanin 10 na mutuwa a kowace rana. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suna Mirya. A 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin Lafia-Iyali na dalar Amurka miliyan 125 don jihohin Damagaram da Maraɗi. Waɗannan ƙungiyoyi da shirye-shirye na ɗaukar masu jinya, wani lokaci da albashin da ya fi na gwamnati, har matashin da ya gama makaranta burinsa ya zama ya samu shiga wata ONG. Sai dai aikin furoje kamar ruwan kwari yake. Wata uku na damina a ɗauki mutum, kaka ta yi a sallame shi.

An kuma ce ƙananan hukumomi su ɗauki wani kaso. Zaɓen kansiloli na farko a 2004 aka yi shi, a 2016 kuma aka sa hannu a kan dokokin miƙa musu wasu ayyuka a fannoni 4: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Aiki ya sauko, kuɗi bai biyo shi yadda ya kamata ba. Ƙaramar hukumar da abin dogaronta harajin kai ne da na kasuwa, wadda da ƙyar take biyan sakatarenta, da me za ta riƙe mai jinya? A watan Afrilun 2024 ma aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi.

Shekarun gwaji

Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi jin jiki, Matamaye na biye da ita. Ba a gama numfasawa ba, a watan Yulin 2023 mashaƙo ya ɓulla a gundumar lafiya ta Matamaye, daidai lokacin da yake ɓarna a Kano. Cutar da allurar jarirai ke karewa ce, dawowarta kuma shaida ce cewa akwai yaran da rigakafi bai kai gare su ba. Kai allura ƙauyukan da ke nesa aikin mai jinya ne da babur da mai. In mutum ɗaya ne a asibiti, ranar da ya fita rigakafi ƙofa a rufe take. Ranar da ya zauna, ƙauye ya jira.

A cikin wannan wata, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, har da ta Ɗan Barto, magunguna suka yi wuya, masu ba da tallafi da dama suka dakata. A watan Oktoba sabbin mahukunta suka zabge kasafin 2023 da kashi 40 cikin 100, daga biliyan 3,291 zuwa biliyan 1,981 na sefa. Sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin.

A watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani, da ministan lafiya Kanal-Manjo Garba Hakimi, ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga 1 ga Satumba, haihuwa kuma ta zama kyauta. Talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiya. Amma wanda ya ga abin da ya biyo bayan 2006 dole ya yi tambaya ɗaya: rabin da aka yafe, wa zai mayar wa asusun CSI, kuma cikin kwana nawa? In an biya a kan kari, wannan mataki zai zama alheri mafi girma da karkara ta gani a 'yan shekarun nan. In an bi tsohuwar hanya, kantar magani da aljihun benebol ne za su sake biya.

Maƙwabta ma sun ɗanɗana. A 2009 Najeriya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, ta kwaso sabbin yayayyu da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya. An raba biyansu gida uku, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Tarayya ta riƙa biya, jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka yi ta noƙewa, ungozomomi suka riƙa sulalewa. A watan Fabrairun 2024 kuma hukumar kula da aikin jinya ta ƙasar ta ce sai mai jinya ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tantance masa takardun fita waje, ta kuma bayyana cewa 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Masu jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Can an tare ƙofa kada su fita. Nan ba su tafi ko'ina ba, suna tsaye a bakin ƙofa suna neman shiga.

Sa ido na gaskiya, a ganina, daga ƙirga zai fara. Duk wata majo na aika alƙaluma sama: yara nawa suka zo da masassara, mata nawa suka haihu, allura nawa aka yi, komai na shiga kwamfuta ta manhajar DHIS2. Tawagar gunduma na zuwa rangadi ta duba rajista da firjin allurai. Abin da ya kamata ya hau teburin minista da irin wannan tsari shi ne hannu nawa ne suka yi aikin, nawa ne a cikinsu ake biya, nawa ne sunansu ke Kurni jikinsu na birni, kuma wata nawa asibitin ke bin gwamnati bashi. Ranar da za a ɗauki ma'aikata, shekarun da mutum ya yi yana sa-kai a ƙauye su zama maki a rubuce, da sa hannun babban likitan gunduma da na kwamitin gari, ba sai ya san wani a Yamai ba. Lambar aikin kuma a ɗaure ta da wurin, ta yadda in mutum ya tashi, kujerar da albashinta su tsaya a Kurni a kawo wani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon gini.

Nan da 'yan watanni za a sake kafe sakamakon jarrabawar ƙasa. Za a yi walima a gidaje a Damagaram da Matamaye, a ɗauki hoto da farar riga, a tura wa dangi ta WhatsApp. Bayan mako biyu ko uku, wasu daga cikinsu za su rubuta takarda da hannu, su manna mata tambarin haraji, su kai ofishin babban likitan gunduma, suna roƙon a ba su izinin yin aiki kyauta.